Tsoro na daji, kunya na gida

Ƴan uwana ɗalibai, a wannan fitowa ta ɗan littafinmu ba zancen karin sauti ko jam'in suna na kawo muku ba. Zancen wando na kawo. Wandon ƙanwata ne, autar gidanmu, baƙi mai ratsin fari a gefe, irin na gudu, wanda Baba ya saya mata jikka uku a Kasuwar Dole ta Damagaram. Yau wata biyar ke nan yana ninke a gindin akwati, ƙarƙashin zannuwan Mama, sai ka ce kayan sata.

Mu Kirista ne. Babanmu mushe ne, aikin koyarwa ya kai shi Guna, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Gouna, cikin gundumar Miriya. A layinmu gidanmu kaɗai ne ba ya fita Idi. Ran Lahadi in akwai kuɗin mota mu shiga Damagaram sujada, in babu mu yi tamu a tsakar gida, Baba ya karanta, Mama ta ba da waƙa. Maƙwabta sun san mu, mun san su. Naman layya yana shigo mana har ya yi yawa, mu ma ran Kirsimeti kwanonin shinkafarmu suna zaga layi.

Auta shekararta 15, tana ajin ƙarshe na kwalej, bana za ta zauna BEPC. Yarinyar nan Allah ya ba ta ƙafa. Tun tana ƙarama in aka aike ta kanti, kafin ka sauke tukunya ta dawo. A filin lakwal, ranar EPS, samari biyu ne kawai a ajinsu suke shan gabanta, su ma da ƙyar. Da na zo hutun Kirsimeti daga Yamai na tambaye ta ina labarin gudu, sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Yaya, ai an hana ni.”

Ga yadda aka yi. Wani dattijon ikilisiyarmu, mutumin kirki wanda ya san ni tun ina goye, ya zo gaishe da Baba. Yana zaune a zaure Auta ta shigo daga fili, da wandon nan, da riga har gwiwa, da ɗankwali, gumi na zuba. Bai ce mata komai ba. Ran Lahadi ya kira Mama gefe ya ce, “Uwargida, ku lura da yarinyar nan. Mu ƴan kaɗan ne a ƙasar nan, ido yana kanmu. Ɗiyar Kirista ba ta tsalle-tsalle da wando gaban maza. Manzo Bulus ya yi magana a kan kunya.” Kafin mako ya zagayo zancen ya shiga zumuntar mata. Can wata mama ta ce ai abin da sauƙi, a samo mata takardar likita. Aka san wani wanda ya san wani, takarda ta fito. Yanzu Auta, wadda ko tari ba ta cika yi ba, tana da fuka a rubuce da hatimi, kuma ranar EPS tana zaune gindin bedi tana tsaron jakunkunan ƴan ajinsu.

Ku duba da kyau abin da muka yi. Don gudun wani laifi da babu ayar da ta kira shi laifi, mun aikata wanda yake ƙarara cikin Dokoki Goma, wato shaidar ƙarya. Mun koya wa yarinya cewa gara ta yi ƙarya da a ga ƙafarta cikin wando. Wannan ne ya hana ni barci, shi ya sa na ɗauki biro.

Tun da da kalma aka ɗaure ta, bari mu fara da kalmar. Abu na farko da ake koya mana a sashen nazarin harshe shi ne, in kana son sanin ma'anar kalma, ka bi masu harshen ka ga inda suke ajiye ta. To ina Bahaushe yake ajiye kunya? Yana cewa kunyar suruki, kunyar ɗan fari, kunyar babba. Kullum akwai wanda ake jin nauyinsa. Ni ce ƴar fari a gidanmu, kuma har yau ban taɓa jin sunana a bakin Mama ba, “ke” take ce mini, ko “yarinyar nan”. Wannan ita ce kunya. Ango da ya cire takalmi tun daga ƙofar gidan surukansa, ya durƙusa, aka kawo tuwo ya kasa ci, shi ma kunya ce ta kama shi, kuma namiji ne. Wa muke kira marar kunya? Yaron da ke mayar wa babba magana. Wanda ya ci bashinka ya zo yana wuce ƙofarka da sabuwar riga. Attajirin da ke cin kaza gaban almajiri. A duk waɗannan babu zancen tsawon zane.

Zancen tufa muna da kalmarsa daban, sutura, wadda muka aro daga Larabci, daga saiwar da ke nufin rufewa. Zancen iya riƙe zuciya da sha'awa muna da kamun kai. Zancen tafiya da magana a hankali muna da natsuwa. Kalmomi huɗu, aiki huɗu. Abin da ake yi mana yanzu shi ne a kwashe su duka a zuba cikin kunya, sannan a ɗora kayan a kan ɗiya mace ita kaɗai. Sutura kuwa Auta tana da ita, daga wuya har idon sawu babu abin da ke waje.

Sai ayar da aka jawo. Tana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura 2, aya 9 da 10. Sabon Alkawari na Helenanci, mai fassarar kalma-kalma, yana nan kyauta a waya, kowa yana iya dubawa. Kalmomi uku ne suke riƙe da ayar: kosmiyos, wato abin da yake a tsare, a kimtse, aidos, wato jin nauyin mutane, wadda ta fi kusa da kunyarmu, da sofrosune, wato hankali da kamun kai. Kuma Bulus bai bar mu da lalube ba, ya lissafa abin da yake tsawatarwa a kai: kitso na ƙawa, zinariya, lu'ulu'u da tufa mai tsada. Ikilisiyar da ke Afisa tana da masu kuɗi da bayi a ɗaki ɗaya, matan masu kuɗi suna zuwa sujada da dukiya a jiki, matan talakawa suna raɓewa. Abin da ya dame shi ke nan. To in da gaske muke wannan aya za mu bi, ba filin lakwal za mu je ba. Mu tsaya ƙofar majami'a ran Kirsimeti ko ran Ista mu ƙirga shadda, da leshi, da ƙarin gashi, da ankon da aka ci bashi aka yi. Wasu daga cikin iyayenmu da suka fi ɗaga murya a kan wandon jikka uku, ɗankunnensu kaɗai ya isa ya biya wa maraya kuɗin littattafan shekara. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ku buɗe shafi ɗaya gaba, sura 3, aya 2, inda ake lissafa halayen da ake nema ga shugaban ikilisiya. Biyu daga kalmomin nan, kosmiyos da ƴar uwar sofrosune, suna nan zaune, an ɗora su a kan namiji, a kan dattijo ma. A wasiƙar Titus, sura 2, samari aka ce su yi wannan kamun kai. Ke nan Littafi bai san kamun kai na mata zalla ba, mu muka ƙirƙiro shi.

A wannan wasiƙa ta Timoti dai, sura 4, aya 8, Bulus ya ambaci motsa jiki da sunansa. Ba zan yi muku ƙari ba: ya ce amfaninsa kaɗan ne in an gwada shi da ibada. Amma amfani ya ce, bai ce ɓarna ba. Kalmar da ya yi amfani da ita, gumnasiya, ita ce uwar jimnastik ɗin da mushen EPS yake faɗa, kuma asalinta gumnos, wato tsirara, domin ƴan wasan Helenawa haka nan suke fita fage. Kusa da Korinti ana yin manyan wasanni duk shekara biyu, kuma da Bulus ya so ya kwatanta wa Korintiyawa rayuwar bangaskiya, a wasiƙarsa ta fari sura 9, da ƴan tsere da ƴan dambe ya kwatanta. Mutumin da ya ɗauki gudu abin ƙyama ba zai mai da shi misalin bin Almasihu ba.

Na san ayar da za a jawo gaba, ta Maimaitawar Shari'a sura 22, aya 5, mai hana mace sa kayan maza, namiji ya sa na mata. To mu karanta surar duka mana. A cikinta aka ce mai gina gida ya kewaye soronsa da ƴar katanga, kada a sa tufar da aka haɗa ulu da lilin, kuma a yi tuntu a kusurwa huɗu na mayafi. Wane dattijo ne a Damagaram yake da tuntu huɗu a babbar rigarsa? Ba'isra'ilen wancan zamani ma ba wando yake sawa ba, riga ce doguwa, shi da matarsa. Abin da ake kira kayan maza yana bin wuri da zamani. A Indiya da Pakistan mata Kirista da wando mai faɗi suke zuwa sujada, da shi kakanninsu suka tashi.

Yanzu mu bar takarda mu koma tsakar gida, domin nan ne munafuncin ya fi fitowa. Auta tana tashi da asuba ta yi daka. Duk wanda ya taɓa kallon mace tana daka ya san babu gaɓar da ba ta motsi, ana ɗaga taɓarya sama da kai, ana lanƙwasa ƙugu, zane yana kwancewa ana sake ɗaurewa. Ta je rijiya ta buɗe ƙafa ta ja guga, maza masu shayar da dabbobi suna tsaye a wurin. Ta ɗauko jarka mai lita 25 a ka. Da damina ta duƙa a gona tun safe har rana ta take. Ban taɓa jin dattijon da ya kira Mama gefe a kan wannan ba. Jikin ɗiya mace in yana wahala don wasu su ci su sha, ba wanda ke ganinsa. Ranar da ya motsa don lafiyar mai shi, ko don jin daɗinta, ko don maki a jarrabawa, ranar ake tuna da aya.

Kuma matan Littafi ba a zaune muka same su ba. Rifkatu a Farawa sura 24 ta shayar da raƙuma goma, tana gudu tsakanin rijiya da kwami, a gaban baƙon namiji, kuma da wannan aikin aka gane ita ce matar da ta dace. Mu mutanen Damagaram mun san abin da raƙumi mai ƙishi yake sha. Rahila makiyayiya ce. Macen kirki ta ƙarshen Karin Magana an yabi ƙarfin damatsanta. Safiyar tashin Almasihu kuwa, Maryamu Magadaliya da gudu ta je wurin Bitrus. Kakanninmu na nan ma, ku tambaye su gaɗa a dandali da farin wata, yadda yarinya ke faɗawa baya ƙawaye su cafe ta su cilla sama. Ba su lalace ba, su ne suka haifi waɗanda ke hana mu yau.

Wannan tsoron ido bai tsaya a filin lakwal ba. Likita ya gaya wa Mama tana da hawan jini, ya ce ta riƙa tafiyar ƙafa kullum. Kun san yadda take yi? Sai ta ɗauki kwano babu komai ciki ta rufe da faifai, don a zaci aike ya fito da ita, wai kada a ce matar mushe tana yawo. A Damagaram mata nawa ne suke zama a karkace a kan kabu-kabu, ƙafa biyu gefe ɗaya, bakin zane yana lilo kusa da taya, don kada a ce sun buɗe ƙafa? Kowa a cikinmu ya san wadda ta faɗo. Kunyar da ke kai mutum asibiti, ya kamata a sake duba sunanta.

Su kuma maza fa? Kowace shekara ƙasa ɗungurungum tana tsayawa don kokowar takobi, tun daga ta farko a Tawa a 1975. Ministoci, malamai, mata da yara, kowa yana gaban Télé Sahel ko a filin Langa-Langa in abin ya zo Damagaram, ana kallon ƙarti da guntun wando da layu, ƙirji a waje. Ni ma ina kallo, ina ihu in namu ya kayar. Ban ji an ce wata ta yi tuntuɓe ba. Fim ɗin Aicha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya nuna wa duniya samarin Kara-Kara suna ɗaga ƙarfe. To samarin zumuntar matasanmu ma suna ɗagawa, ba riga, su ɗauki hoto su ɗora a TikTok da aya a ƙasa. In akwai inda kalmar aidos ta dace a faɗe ta, ai nan ne, domin wannan nuna kai ne tsantsa. Amma su ana ce musu “sai da ƙarfi, jarumi”.

Za a ce mini, ai mace ce ke jawo ido, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Na ƙi wannan karin magana a wannan wuri. Ƙanwata ba daddawa ba ce, kuma ku samari bai kamata ku yarda a kira ku ɓeraye ba. Yesu da ya yi zancen kallon sha'awa, a Matiyu sura 5, mai kallon ya kama, har ya kai ga zancen ƙwaƙule ido. Bai aika a kira uwar wadda aka kalla ba. Zancen sa ɗan'uwa tuntuɓe da ake yawan jawowa kuwa, a Romawa 14 da Korintiyawa ta fari sura 8, a kan abinci ne, musamman naman da aka yanka wa gumaka. In babban mutum ya kalli yarinya mai shekara 15 tana gudu zuciyarsa ta motsa, shi ne yake bukatar a kira shi gefe.

Amma ba zan yi wa dattijonmu rashin adalci ba. Kalmarsa ta gaskiya ita ce ta farko: mu ƴan kaɗan ne, ido yana kanmu. Na san inda ta fito. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 muna zaune a Damagaram, shekarata 12. Saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta yi a Faransa, wanda ba mu san hawa ba ba mu san sauka ba, aka ƙona majami'u a garin, washegari abin ya kai Yamai, mutum 10 suka rasu a biranen biyu. Mu wata Hajiya maƙwabciyarmu ce ta shigar da mu ɗakinta, ta zauna a bakin ƙofa da carbinta har dare. Wanda ya ga wannan rana, in ya ce a yi taka-tsantsan, ba za a ce ya yi hauka ba. Tun 1924 da ƴan mishan na SIM suka sauka a Damagaram, Kiristan ƙasar nan ya saba da auna takunsa.

Sai dai Bahaushe ya riga ya raba: tsoro na daji, kunya na gida. Abin da ya kama mu tsoro ne, kuma tsoro ba abin zargi ba ne in an kira shi da sunansa. Ɓarnar ita ce mu shigo da shi gida, mu sa masa rigar kunya, mu ba shi aya, sannan mu ce ƴaƴanmu mata su biya kuɗinsa da jikinsu. Waɗanda suka ɗauko fetur a 2015 ba tsawon siket ɗin kowa suka auna ba. Hajiyar da ta ɓoye mu ma ba don zanen Mama ya kai ƙasa ta yi ba, ta yi ne don shekarun da aka yi ana gaisawa, ana aron gishiri, ana zaman makoki tare.

Abin dariyar ma, idon da ake tsoro ba ya kallonmu. Ƴan ajin Auta kusan duka Musulmi ne, kuma da yawansu suna fita EPS da dogon wando, da riga mai sauka, da hijabi a sama, su yi gudunsu su koma gida. Ɗiyar limamin layinmu tana cikinsu. Ita ce ma ta zo har gida tana tambaya, “Mama, wai da gaske Auta ba ta da lafiya?” Mama ta rasa inda za ta sa idonta. Ga abin kunya na gaske. Ku kuma ƴan uwana Musulmi da ke karanta wannan, kada ku ce rikicin gidan Kirista ne. Na san a cikin ƙannenku ma akwai masu irin takardar Auta, aya ce kawai ta bambanta.

Kada wani ya fita ya ce wai na ce a tuɓe. Ni ma ina da ido, ina ganin abin da ake sawa a wasu wuraren motsa jiki na Yamai, matsattsen kaya da aka saya don kamara, ba don gumi ba. Ba shi nake karewa ba. Turai ɗin da ake tsorata mu da ita ma ba ta gama da wannan rigima ba. A 2021 an ci tarar ƴan wasan ƙwallon hannu na bakin teku mata na Norway Yuro 1,500 don sun sa gajeren wando sun ƙi ɗan kamfai da doka ta tilasta musu, sai da duniya ta yi ca aka sauya dokar. A shekarar dai ƴan jimnastik mata na Jamus suka fita wasannin Olamfik na Tokyo da kaya har idon sawu, don su nuna suna da zaɓi. A 2024 Faransa ta hana ƴan wasanta sa hijabi a Olamfik na Paris. Can ana cewa ki rage, nan ana cewa ki zauna, kuma a duka biyun ba a tambayi mai jikin ba.

Mu Kirista ma in mun san tarihinmu ba mu ne za mu guji fili ba. Ƙwallon kwando James Naismith ya ƙago ta a 1891 a makarantar ƙungiyar samari Kirista ta YMCA a Amurka, ƙwallon raga kuma William Morgan a 1895, shi ma a YMCA. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar yaro daga shekara 5 zuwa 17, mace ko namiji, ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana. Kuma a 2022, a gasar duniya da aka yi a Eugene, ƴar Nijar Aminatou Seyni ta zo ta huɗu a tseren mita 200. Duk mun yi alfahari. Wa ya san Aminatu nawa ne suke zaune gindin bedi suna tsaron jaka?

To me nake nema? Abubuwa ne da ba su fi ƙarfinmu ba. Na ɗaya, a daina takardun ƙarya, wanda ke da ciwo na gaske shi ke da takarda. Na biyu, in sutura ce damuwar, zumuntar mata da ke iya fitar da anko cikin mako biyu tana iya kai wa tela yadi ya ɗinka wando mai faɗi da riga mai sauka, mai sauƙi, wanda iska ke shiga. Na uku, abin da ƴan mata suke kuka da shi da bakinsu, wanda ba wanda ya tambaye su, shi ne wurin sauya kaya da makewayi mai ƙofa, musamman lokacin al'ada. Zana huɗu da itace shida sun isa a kewaye wuri a bayan aji. Samarin da ke ɗaga ƙarfe su zo su haƙa ramukan, ƙarfin ya yi amfani. Na huɗu, duk wa'azin kamun kai da za a yi wa ƴan mata, a yi wa samari irinsa a rana ɗaya, a ɗaki ɗaya. Na biyar, wanda zai jawo aya ya karanta ta har ƙarshe, da ta gabanta da ta bayanta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar gudu ma dole ƙafa ta ɗaga, abin da ya rage mana shi ne mu sa a yi shi cikin mutunci.

Daren da zan koma Yamai na samu Baba a zaure yana gyaran takardun ƴan ajinsa. Na durƙusa na ce, “Baba, in ɗalibi ya kawo maka takardar likita ka gane ta ƙarya ce, me kake yi masa?” Ya daɗe bai ɗago ba. Can ya ce, “Ke dai kin iya tambaya.” Ya ce in an koma hutu zai je wurin darakta da kansa ya karɓo takardar. Da na kira shekaranjiya Auta ta ce bai je ba tukuna. Na gane, ba daraktan yake jin nauyi ba, ran Lahadi yake tunani.

Gwajin EPS na BEPC kafin rubutacciyar jarrabawa ake yinsa, kwanaki kuma suna tafiya. Zan sa kwafi biyu na wannan ɗan littafi a kar mai zuwa Damagaram, ɗaya na Baba, ɗaya na dattijonmu, da gaisuwa da ban girma, domin har gobe in na gan shi sai na durƙusa. Ku kuma in kun koma gida hutu, ku tambayi ƙannenku mata abin da suke yi ranar EPS, kuma ku tsaya ku ji amsar.